Takun Ɗan Bilbis

Ranar da Zuwaira ta fara ganin Yazid, dariya ce ta kusa kuɓuce mata.

Ɗalibanta ta kai filin wasa na Gusau, don ita ce malamar motsa jiki a wata makarantar 'yan mata da ke Damba. Suna jiran samari su gama gudun mita ɗari, sai ta hango wani dogo, baƙi, mai cinyoyi kamar turmi, ya tsugunna a layi da takalmin kambas da ya sha ɗinki.

Aka hura usur. Kowa ya fita da gudu, shi kuwa ya fita da tsalle. Kowane taku sai ya yi sama, ya miƙa ƙafa can gaba, ya dira da diddige har ƙasa ta amsa. Da wannan ɓarnar duka, wai shi ne ya zo na huɗu.

Ya zo wucewa ta gefenta yana haki, bakinta ya riga hankalinta.

"Malam, gona kake tsallakewa ne?"

Ya tsaya cak, ya juyo. Hijabi ruwan toka ya gani, da wasu idanu masu ƙoƙarin ɓoye dariya sun kasa.

"Wa ya hwaɗa miki?" ya tambaya.

"Ƙafarka."

Ya dubi ƙafar kamar ta ci amanarsa. Sannan ya ba ta labari. A Bilbis, tun yana ƙarami, shi ne mai korar awaki da birai daga gonar babansa. Dokar tsohon kuwa guda ce: duk wanda ya rushe kunyoyin da aka sha wahalar yi, jikinsa zai gaya masa. Shi ya sa ya koyi gudu yana tsallake su, daga kwari zuwa kwari, har ƙafarsa ba ta san wani gudu ba sai wannan.

Koci Nathaniel, mai horar da samarin, yana gefe yana jinsu. Ya tafa hannu ya ce, "Malama, tun bara nake neman sunan ciwon yaron nan, kin zo kin faɗe shi a kallo ɗaya. Don Allah ki taimake ni da shi."

A hannun kocin Yazid ya karɓi lambarta, wai don maganar gudu. Kowa dai ya san maganar gudu ba ta sa mutum ya goge saƙo ya sake rubutawa har shayinsa ya huce.

"Salamu alaikum Malama. Ni ne mai tsallake gona. In ciwon yana da magani, ina so."

Ta amsa: "Wa alaikumus salam, Ɗan Bilbis. Yana da magani, amma da ɗaci. Ƙarfin da ke ƙafarka ya ishi mutum biyu, sai dai rabinsa sama kake aika shi. Kuma duk dirar da ka yi da diddige a gabanka, birki ka taka wa kanka."

"To ki cire min birkin, Malamata."

Ta daɗe tana kallon wannan "ta" ɗin da ya maƙala a ƙarshe. Ba ta ce ya cire ba.

Kafin ruwan farko ya sauka, magana ta wuce ta ƙafa. Shi yana ce mata Malamata, ita tana ce masa Manomina. Ta san cewa babbar gonarsu ta cikin daji ta daina zuwuwa tun da hanya ta lalace da rashin tsaro, sai 'yar ƙaramar bakin gari da ba ta ciyar da gida. Ta san yana kwana a shagon wansa Mu'azu a Gusau yana taya shi ɗaukar buhuna. Ta kuma san abin da ya kafa wa ido: bayan kaka, wata hukumar gwamnati mai kaki za ta zo gwajin 'yan gudu, ukun farko a mita ɗari za a ɗauke su aiki.

Ita ma ta gaya masa nata. Mahaifinta shi ne Malam Sahabi, maɗorin Bungudu, wanda ake kawo wa karaya daga garuruwa masu nisa. Kuma ba za ta taɓa auren wanda bai sa wa albarka ba.

Ranar da Yazid ya je gaisuwa, ya tarar da tsohon a zaure yana fere karan dawa, irin wanda yake jerawa a jikin ƙashi ya ɗaure. Ya durƙusa ya kwashi gaisuwa.

"Mi kake yi, ɗan samari?"

"Gudu nike, Baba."

Malam Sahabi ya ɗaga kai. "Wa ka biyo ka?"

Yazid ya yi bayani iya ƙoƙarinsa, gumi na bin bayansa. Tsohon ya saurara har ƙarshe, bai daina feren kara ba.

"Tun ba a haihe ka ba nike ɗora ƙahwahun yara irinka," ya ce. "'Yan ƙwallo, 'yan dambe, masu tsere. Ran da sunka ci, gari duka nasu na. Ran da ƙahwa tat tsaya, ni kaɗai ka ganinsu, sai uwayensu. Ba ni yi ma ɗiyata tilas, ba a yi min ba, ba ni yi mata. Amma ba ni ɗaukarta in aza bisa ƙahwa biyu da ba su da komi sai kansu."

"Baba, akwai gwajin..."

"Na jiya. To, na ba ka har a kai amhwanin gona gida. In ka zo da aiki a hannu, mu yi magana. In babu, ka rage ma kanka kuɗin mota. Kuma ka sani ba kai kaɗai ka sallama a ƙohwar nan ba."

Yazid ya san wanda ake nufi. Kamilu ne, ɗan mai shagon kayan gini a Gusau, wanda ya koyi gudu a makaranta a Kaduna. Shi gudu nishaɗi ne a wurinsa, ko ya ci ko bai ci ba shagon babansa na nan. Abin haushin kuma, ya iya. In yana gudu kansa ba ya motsi, ƙafarsa ba ta ƙara, sai dai ka ga ya wuce.

Tun daga ranar barci ya yi wa Yazid ƙaura. Ita ma Zuwaira ta rame. Duk ranar atisaye tana filin da wayarta, tana ɗaukar gudunsu a bidiyo. Wata safiya ta miƙa masa wayar ya ga nasa. Ya gani, yatsansa ya zame zuwa na gaba. Kamilu. Ya ƙara turawa. Kamilu daga gefe, Kamilu daga baya, Kamilu an rage saurinsa yana tafiya a hankali kamar a fim.

Ita kuwa, da zuciya ɗaya, ta leƙo ta ce, "Yawwa, tsaya a nan. Dubi yadda yake ajiye ƙafa a ƙarƙashin ƙugunsa. Wallahi gudunsa akwai kyau."

An ce kishi kumallon mata. To, in ya taso wa namiji, babu lemon tsamin da ke kwantar da shi. Yazid ya miƙa mata wayarta, ya ɗauki takalminsa ya fice. Da azahar yana cikin motar Tsafe, ya nufi gida Bilbis.

Saƙonninta suka bi shi.

"Manomina, lafiya ka tafi ba sallama?"

"Koci ya ce ka koma gida. Me na yi?"

"Yazid, don girman Allah ka amsa. Ko zagina ne ka yi, na ji muryarka."

Sau ɗaya ya amsa: "Tunda gudunshi ya hi kyau, ki bar ni da nawa. Da ƙarhi zan kada shi."

Ya kashe wayar.

Abin da ya sani ya koma wa. Ya ɗaure tayar mota a ƙugu yana ja a rairayi. Ya saɓa buhun masara yana hawa tudu. Ya shiga 'yar gonarsu da gero ya fara tashi, yana tsallake kunyoyi bibbiyu maimakon ɗai-ɗai. A lissafinsa, in takun Kamilu gajere ne, shi sai ya ninka tsawon nasa. Cinyoyin suka ƙara cika, mutanen gari suna sha'awa. Babu wanda ya gaya masa cewa yana ƙara wa mota inji ne alhali birkinta a take.

A tsakiyar damina samarin Tsafe suka shirya tsere a filin makaranta. Yazid ya fita kamar an harba shi. Ya wuce kowa, ya miƙa ƙafar dama can gaba yadda bai taɓa miƙawa ba, sai ya ji kamar an jefe shi da dutse a bayan cinya. Har ya waiwaya ya ga wa ya jefe shi. Sannan ya faɗi.

Jama'a suka rufu a kansa, kowa da maganinsa. Wannan ya ja ƙafar, wancan ya ce a kawo ruwan zafi, wani ya murza da man zafi har Yazid ya ciji rigarsa. Mu'azu, da ya zo gida ganin iyaye, ya ture su ya ce karaya ce, kuma shi maɗori ɗaya ya yarda da shi a ƙasar nan.

"Yaya, kada ka kai ni Bungudu," Yazid ya ce yana hawaye. "Ko'ina ban da can. Na roƙe ka."

"Ƙahwarka nike ji, ba surukutarka ba."

Haka suka ratsa Gusau, suka wuce asibitocinta duka, suka sauke shi a zauren da ya fi tsoro a duniya.

Malam Sahabi ya dube shi kwance a tabarma. Bai ce "na gaya maka" ba, kuma rashin faɗin ya fi faɗin ciwo. Ya nannaɗe hannun riga, ya bi ƙashin cinyar da yatsu tun daga ƙugu har gwiwa. Ya sake bi.

"Ƙashi lahiya lau," ya ce. "Nama na ya yage. Wanga ba aikina ba na."

Da tsohon ya so, nan magana ta ƙare. Ya sallame su, ƙafa ta warke yadda ta ga dama, kaka ta zo ta wuce, babu wanda zai ce ya yi zalunci. Ya daɗe yana kallon karan da ke gabansa. Amma mutumin da ya yi rayuwarsa yana tayar da waɗanda suka faɗi bai iya kallon ƙafa tana lalacewa ba, ko ta wace ce.

Ya ɗaga murya wajen ƙofar cikin gida. "Ku kiro min Zuwaira. Ita ta karanci nama."

Ana hutun makaranta, tana gida. Ta tsaya a bayan labule, ta hango shi ta gefe, ta toshe bakinta da hijabi. Da ta yi magana, maganar a tsaye take.

"Baba, kada a ƙara ja, kada a gasa. A nemo ƙanƙara a naɗe a tsumma a ɗora. Danna mini tsakiyar bayan cinyar, a hankali. Akwai rami?"

"Babu rami. Kumburi dai."

"Malam Yazid, za ka iya lanƙwasa gwiwar?"

Malam Yazid. Wannan sunan ya fi jifan da ya ji a Tsafe zafi. Ya lanƙwasa da ƙyar.

"Alhamdu lillahi, da alama bai tsinke duka ba," ta ce. "Amma a kai shi asibiti likita ya duba."

Likita ya duba, ya ce yagewa ce matsakaiciya, za ta warke in an bi ta a hankali. Gudu kuwa, bai yi alkawari ba.

Washegari Yazid ya kunna wayarsa. Ya rubuta, ya goge, ya rubuta.

"Malamata, na kashe kaina da hannuna. Ki yahe min. In kin zaɓi Kamilu ba ni ganin laihinki."

Amsar ta zo da tsawo.

"Kai wawa ne, Manomina, kuma ni ce na fi ka wauta da nake kuka a kanka. Bidiyon Kamilu don wa na ɗauka? Na zauna ina kallon ƙafar mutumin da ba na so har idona ya yi ja, don in gano abin da zan koya wa wanda nake so. Kai kuma ka tafi ka yaga mini ƙafar da na jingina rayuwata a kanta. Ban yafe ba tukuna. Ka warke, ka zo ka yi gudun da na ce, sannan in duba."

Ya karanta ya kifa fuskarsa a matashi, Mu'azu ya yi kamar bai gani ba.

Makonni suka tafi a tafiyar ɗingishi, sannan tafiya sosai, sannan motsa ƙafar a kwance yadda likita da koci suka tsara. Da lokacin fara sassarfa ya yi, Malam Sahabi ya kafa sharaɗi: in 'yarsa ce za ta koyar, to a filin bayan gidansa za a yi, da rana tsaka, a gaban idonsa.

Zuwaira ta rasa abin da za ta yi alama da shi a ƙasa. Ta shiga zaure ta kwaso karan ɗorin babanta.

"Ke, ina za ki da kayan aikina?"

"Aro, Baba."

Ta jera su a ƙasa kusa-kusa, ta koma gefe ta tsaya.

"Ga sababbin kunyoyinka," ta ce wa Yazid. "Dokar babanka tana nan, kada ka taka ko ɗaya. Sai dai waɗannan ba su da faɗi. Ba tsallakewa za ka yi ba. Ɗaga gwiwa, ka sauke ƙafa a ƙarƙashinka da gaban tafi, ka ture ƙasa baya. Hannuwanka su tafi gaba da baya, ba gefe ba. Ƙasa za ka tura, ka bar sama ta huta."

Ya gwada. Ƙaras, ƙaras, ƙaras. Karan farko duk ya tattake su.

Malam Sahabi yana zaune a kujerarsa ƙarƙashin darbejiya, ya juya musu baya, wai shi carbi yake ja. Kullum sai ya yi mitar karansa, kullum kuma da safe sai a tarar da sabon dami an fere an ajiye a bakin ƙofa. Wata rana, ba tare da ya waiwayo ba, ya ce, "Diddige."

Suka dube shi.

"Ina jin ƙararshi. Da diddige yad dira. Shi sake."

Zuwaira ta juya fuska don kada babanta ya ga murmushinta.

Amma abin bai zo da sauƙi ba. Gero ya nuna, aka fara yanka. Duk amalanken da ya wuce bayan gidan da dammuna, Yazid sai ya bi shi da kallo. Ranar da Koci Nathaniel ya gwada shi a Gusau, ya duba agogo ya kau da kai.

"Gaya min gaskiya, Koci."

"Ka fi da sanyi. Haka yake da farko, jiki bai saba ba."

Yazid ya zauna a ƙasa inda yake. Da yamma ya aika mata.

"Malamata, na rasa tsohon guduna, sabon kuma bai zo ba. Ba ni da ko ɗaya. An kusa gama kai gero gida. Ki bar ni in koma ma nawa ranar gwajin, ko ƙahwar ta tsinke ta tsinke."

Ta kira shi maimakon ta rubuta. Kuka take yi, ba ta ɓoye ba.

"In ka koma wa wancan takun, naman zai sake yagewa, kuma wannan karon ƙila ba za ka ƙara gudu ba. Ni ma tsoro nake ji, Yazid. Ba na cin abinci. In na ga Baba ya dubi rumbu sai gabana ya faɗi. Amma gara in rasa ka kana tafiya da ƙafarka, da in same ka ka nakasa saboda ni. Ka yi mini alkawari."

Ya shafa bayan cinyarsa.

"Na yi," ya ce.

Ya ci gaba da bin kara. Kaɗan-kaɗan ta riƙa buɗa tsakaninsu, ba don ya miƙa ƙafa ba, sai don turin da yake yi wa ƙasa ya fara kai shi nesa da kansa. Ƙarfin nan na buhu da taya, da a da yake tashi sama a banza, ya fara samun hanya. Wata rana ya bi layin duka, ya tsaya, ya waiwaya. Babu kara ko ɗaya da ya motsa. Carbin tsohon da ke ƙarƙashin darbejiya ya tsaya.

Ranar gwaji filin Gusau ya cika. Zuwaira tana cikin mata a rumfa. Can ta hango farar hula da ta sani tana ratsa jama'a. Babanta ne, wanda bai taɓa taka filin wasa ba sai in an kira shi ɗaukar wanda ya karye. A kafaɗarsa kuwa ga jakar fatarsa ta ɗori, kan kara ya leƙo. Ta gane abin da ya kawo shi: ya zo ne ya tsaya kusa, don in ƙafar ta tafi.

Yazid ya tsallake zagayen farko da ƙyar. A layin ƙarshe, Kamilu na gefensa. Ya miƙo masa hannu ya ce, "Na ji ka ji ciwo. Allah ya tsare." Yazid ya karɓa, ya ji haushin da ya riƙe wata da watanni ya zama ba shi da amfani.

Aka harba bindigar tashi.

Yazid ya fita kansa a ƙasa, yana ture ƙasa baya, yana miƙewa a hankali yadda aka koya masa. Kamilu ya yi gaba, wani ɗan Kaura ya bi shi. Wani mai jar riga yana kafaɗa da kafaɗa da Yazid. Gurbi ɗaya ya rage, su biyu.

A tsakiyar fili bayan cinyar ya ɗan ja. Mai jar riga ya fara zarcewa. Nan tsohon takun ya taso masa, wanda ya girma da shi, yana ce masa miƙa ƙafa, tsallaka, taku ɗaya dogo ka kamo shi. Duk jikinsa ya so. Sai ya ga kara a jere a gabansa, a kan filin da babu kara. Ya sauke ƙafar a ƙarƙashinsa. Ya ƙara saurin hannu. Ya sake saukewa, ya sake.

Suka faɗa layi tare.

Alƙalai suka haɗa kai. Zuwaira ta rufe ido tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. Yazid ya dafa gwiwoyinsa, bai iya ɗaga kai ba. Lasifika ta kira Kamilu na ɗaya, ta kira ɗan Kaura na biyu, ta yi shiru kamar da gangan.

"Na uku, Yazid Manu Bilbis."

Yazid ya zube a ƙasa. Ganin haka Malam Sahabi ya ture mai gadin fili, ya shigo da saurin da ba a san shi da shi ba, jaka na dukan bayansa. Ya durƙusa ya kama cinyar.

"Nan?"

"Babu zahi, Baba."

"Nan hwa?"

"Lahiya lau. Daɗi na ya kada ni."

Tsohon ya sauke ajiyar zuciya, ya zauna daɓas a kan filin kusa da shi. Ya dubi jakarsa.

"Yau na hwara zuwa hilin wasa in koma gida ban kwance jakag ga ba," ya ce. Ya share ido da hannun rigarsa, wai ƙura ce. "Aikin da anka ba ka, na gode ma Allah. Amma ba shi na gani ba. Na ga inda ƙahwarka ta so ta yi gardama, ka hana ta. Mutumin da ka jin magana a tsakiyar gudu, shina jin ta a cikin gida. Ka turo magabatanka."

Da Yazid ya dawo daga horon aiki aka ɗaura aure a Bungudu, ranar Asabar da hantsi. Koci Nathaniel ya zo da babbar riga da ta fi shi faɗi. Kamilu ma ya zo, ya ci shinkafa, ya yi addu'a, ya tafi da mutuncinsa.

Malam Manu, mahaifin ango, ya kama hannun Malam Sahabi ya ce, "Ashe ni na ɓata takun yaron ga da bulalata."

"Kai ka ba shi ƙarhi," in ji maɗori. "Ɗiyata ta nuna mai inda za shi aje shi."

A cikin kayan amarya da aka kai Damba, tsakanin kwanuka da katifa, mata suka tarar da wani ƙaramin damin kara an ɗaure da zare. Suka yi ta tambayar na mene ne. Amarya ta karɓa ta rungume. Karan ranar nan ne da Yazid bai taka ko ɗaya ba, ashe tsohon ya tsince su ya adana.

Tana zaune cikin lulluɓi, gida cike da 'yan kai amarya, wayarta ta yi motsi.

"Malamata, har yau ba ki ce kin yahe ba."

Ta rubuta a ƙarƙashin mayafi, lalle na sheƙi a yatsunta.

"Na yafe, Manomina. In an watse ka taho gida. A hankali, babu mai korarka."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya tsare ƙafafun da suka kawo su nan, ya kuma buɗe hanyar gonar Bilbis, 'ya'yansu su je su ga kunyoyin da babansu ya tsallaka.